Jawabin Shugabar Ma'aikatan Jinya a Bikin Rufe Horon Ba da Magani, a Garin Isa



Mai girma wakilin Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato, masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, mai martaba Sarkin Gobir na Isa, Allah ya ja zamaninka, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, jami'an tsaro, malaman da suka taso daga Sakkwato suka koyar, 'yan jarida, da ku 'ya'yana da aka taru dominku, assalamu alaikum. Allah ya jiƙan marigayi Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, da duk waɗanda muka rasa a wannan fitina ta 'yan bindiga.

Waɗannan da kuke gani cikin fararen kaya sun fito daga Kamarawa, da Bafarawa, da Gatawa, da ƙauyukan bakin iyaka. Kowa ya san halin hanyar da suka biyo. Su ne suka riƙe ɗakunan shan magani a lokacin da mutane ke kwana a daji. Su ne ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sun karɓi haihuwa da hasken tocila, sun yi jinyar 'yan gudun hijira, sun ɗaure raunin harsashi. A wannan horo an maimaita musu tambayoyin da nas ke yi kafin ta miƙa magani: wane ne majinyacin, wane magani, nawa, ta wace hanya, da wane lokaci. An koya musu duba numfashi da fitsarin mai jijjiga kafin a ƙara mata allurar magneziyam, da ajiye allurar oksitosin a sanyin digiri 2 zuwa 8, don zafin Gobir na kashe ƙarfinta.

Nan zan ajiye takardar da aka rubuta mini, don akwai abin da ke ci mini rai. Maganar sikeli ce.

Na taɓa shiga wani ɗakin shan magani, ba zan faɗi suna ba, na tarar da sikelin awon yara a bayan ƙofa, an ɗora masa bokitin wanke hannu, allurarsa ta karye. Ina tsaye aka shigo da yaro a babur, jikinsa zafi kamar garwashi, yana taune-taune. Ma'aikacin ya tambayi uwar shekarunsa, ta ce biyar, ya fara jan magani a sirinji. Na riƙe hannunsa. Muka aika aka aro sikeli, yaron nan kilo 11 ne. Tamowa ta cinye shi. A ƙasar da gonaki suka gagari noma, shekarun yaro ba sa gaya maka nauyinsa.

Allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani da kilo ake lissafinta. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne a kowane kilo, wanda ya kai kuma 2.4, a yi yanzu, a maimaita bayan awa 12, a sake a awa 24. Idan ka rage, ƙwayar cutar ta tsira. Allurar jentamaisin kuwa idan ta wuce kima ƙoda take taɓawa, ta kuma kashe ji, uwa ta koma gida da kurma ba ta san dalili ba. To ta yaya nas za ta yi wannan lissafi da ido?

Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, na ga kana rubutu, Allah ya sa wannan kake rubutawa. Sikelin yara bai kai kuɗin kujerun da aka ɗauko haya yau ba. Muna roƙon a sa ɗaya a kowane ɗakin shan magani na Isa da Sabon Birni kafin ruwan bana ya sauka, a haɗa da firji mai aiki da hasken rana a inda ake karɓar haihuwa.

Ku kuma 'ya'yana, masu hira a baya can, da ku nake. Idan uba ya ce shi allura yake so a yi wa ɗansa alhali ƙwaya ta isa, ku zaunar da shi ku yi masa bayani, kada kunya ta sa ku soka. Maganin da dangi suka sayo a kasuwar Shinkafi ko aka tsallako da shi daga Maraɗi, ku karanta ƙarfinsa da ranar lalacewarsa, ku nemi lambar NAFDAC. Tsakanin 2008 da 2009 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, kuma iyaye ne suka ba su da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Abin da kuka bayar ku rubuta nan take, da lokaci da sa hannu. Wanda ya yi kuskure ya zo ya faɗa mini da wuri, tun ana iya ceton majinyacin.

Mai martaba, muna roƙon ka taso ka miƙa musu takardun shaida. A fara kiran mutanen Kamarawa, don su kama hanya kafin la'asar.