Ranar da Sule Ya Rasa Kwabo Biyu

 Yau daga gida Gaya nake magana da ku, don haka in kun ji kukan akuya a bayana, ku yi haƙuri, ita ma baƙuwar shiri ce.

Yau baya za mu koma, zuwa ranar Litinin 1 ga Janairun 1973. A ranar Ingila ta shiga ƙungiyar kasuwancin Turai, wadda daga baya ta yi ta rigima sai da ta fice a 2020. Wannan damuwarsu ce. Mu namu labarin a aljihu yake: a ranar Najeriya ta ajiye fam da sule ta ɗauki naira da kwabo. Janar Yakubu Gowon ke mulkin ƙasa, Audu Bako na gwamnan Kano, kwamishinan kuɗi na tarayya kuwa Alhaji Shehu Shagari ne. Sunan naira, Cif Awolowo ne ya yanko shi daga sunan Najeriya.

To, bari in gwada ku da lissafin kakanninmu, 'yan boko ku gyara zama. Kwabo 12 shi ne sule ɗaya. Sule 20 fam ɗaya. Wato fam guda kwabo 240 ke nan. A ciki akwai taro, kwabo uku. Akwai sisi, kwabo shida. Akwai ahu, rabin taro. Sannan ga anini, wanda sai ka tara goma kafin su zama kwabo. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ita ke juya wannan duka a ka, tana auna maka daddawa tana hira da maƙwabciya. Ni da digirina, jiya da nake shirya wannan shiri sai da na jawo kalkuleta. Sau biyu.

Gwamnati ta ce a sauƙaƙa: naira ɗaya kwabo 100, fam ɗaya naira biyu, naira ɗaya daidai da sule 10. A takarda lafiya lau. Amma ku lura da abin da ya sami sule. Jiya da daddare ya kwanta yana kwabo 12, da safe ya tashi yana kwabo 10. Kakata, Allah ya ƙara mata lafiya, har yau ba ta yafe ba. Na zaunar da ita na ce, Inna, ai sabon kwabon ya fi tsohon nauyi, ba abin da aka rage miki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai yaro, goma ta taɓa kai sha biyu a makarantarku?” Na yi shiru. Shekara hamsin da ɗoriya tana bin gwamnatin tarayya bashin kwabo biyu a kan kowane sule, kuma wallahi in aka kira ni shaida ban san me zan ce ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutanenmu suka karɓi kuɗin amma suka ƙi sakin sunan. Kwabo goma ya ci gaba da amsa sule. Kwabo biyar ya gaji sunan sisi. Naira biyu kuwa fam ce, ko gwamnan babban banki ya so ko ya ƙi. Har gobe ka shiga kasuwar ƙauye a nan ko Ajingi, za ka ji dattijo ya ce jaka biyar, kai ɗan birni ka tsaya kana zare ido. Jaka fam 100 ce, wato naira 200, don haka naira 1,000 yake nufi. Mu ma da muke musu dariya, wa bai taɓa cewa “ba ni da ko sisi” ba? Kana rantsuwa da kuɗin da aka binne tun kafin a yi auren iyayenka. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ce kawai ta tsira ba ta sake suna ba, don kwabon ya tsallako da ita.

Ga wani abu da zai ɓata muku rai kaɗan. A 1973 naira ta fi dalar Amurka daraja, da wajen kwabo 66 za ka sayi dala guda. Takarda mafi girma da aka fito da ita ranar, naira 10 ce. Murtala, 'yar naira 20, sai 1977 ta zo. A jikin kwabo 25 gyada aka zana, tamu ta ƙasar Kano, a takardun kuma an rubuta adadin da ajami don almajiri ya karanta abinsa ba sai ya nemi tafinta ba. Yau dala ta haura naira 1,000 tuni, kwabo kuwa in ka miƙa wa ɗan firamare sai ya zaci maɓalli ne.

Na ɗauko wannan rana ne saboda abin da muka gani da idonmu shekara hamsin cif bayanta. Ƙarshen 2022 aka sake fasalin 200 da 500 da 1,000, aka yanka wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su a hannu. Ni na ɗauki 'yan kuɗin adashin Inna a leda na tafi banki tun asuba, na wuni a layi na dawo da su yadda na tafi. Mun ga mutum yana sayen naira da naira a wurin mai POS. Mun ga mai tumatir ta rasa ciniki don ba ta da asusu, balle a tura mata. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris kafin aka numfasa. Waɗanda suka tsara abin sun tsara shi ne don mai waya da intanet, irin mu. Mai jaka biyar ba wanda ya zo ya tambaye shi, mu matasan da muka iya karatu ma sai da wuta ta kama muka tuna akwai shi.

Da na mayar wa Inna ledarta ranar, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ƙirga, ta ɗaure a gefen zane, ta ce, “Ai na san su. Su ne na kwabo biyun nan.”

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku gaida tsofaffin gida.