Pita: Gurasa a Girka, Zare a Meziko



Wanda ya buɗe babban ƙamus na Turanci ya nemi kalmar pita zai tarar an rubuta ta sau biyu. Ta farko burodi ne mai faɗi, ɗan'uwan gurasa. Ta biyu zare ne da ake fitarwa daga ganyen wani tsiro. Kalmomin nan biyu ba su haɗa kaka ba, haruffa kawai suka tara su.

Pita ta ci daga Girkanci Turanci ya aro ta, kuma ƙamus ɗin Oxford bai same ta a rubutun Turanci ba kafin 1936, alhali a Girkanci an rubuta ta tun 1108. A wurin Girkawa ma'anarta ta fi faɗi, domin suna da spanakopita mai alayyafo a ciki, da tiropita mai cuku. Turkawa suna cewa pide. Daga nan masana suka rabu: wasu sun danganta ta da pizza ta Italiya, wasu da wata tsohuwar kalmar Girkanci mai nufin danƙon itace, wasu kuma da kalmar Aramiyanci mai nufin gutsuren burodi. Larabawa, waɗanda kullum suke cin ta, khubz suke ce mata. Aljihun nan na cikinta aikin tururi ne: zafin wuta yakan mai da ruwan ƙullin tururi, ya kumbura ta, ya raba sama da ƙasa.

Pita ta zare kuwa daga hayin Tekun Atalantika ta zo. Sifaniyawa sun tarar da tsiron agave a Meziko a ƙarni na 16, mai dogon ganye mai kauri da ƙaya a baki, ana kankare shi a sami zaren igiya. Suka kai shi gida, har yau pita suke kiransa. Wasu masana sun ce sunan na Taino ne, mutanen tsibiran Karebiyan, wasu sun ce na harshen Kecuwa ne na Peru. A garin Colotlán na jihar Jalisco ana yi wa ɗamarar fata da sirdi ado da wani farin zare da shi ma ake kira pita, aikin kuma sunansa piteado.

Me ya kawo wannan taron malaman firamare? Yaro yakan tambayi dalilin suna, malami kuwa ba ya son a gan shi ya yi shiru, sai ya ƙulla dangantaka nan take: ai gurasar tana yagewa ne kamar zare. Yaron zai riƙe wannan har ya girma, ya koya wa wani. A ganina ƙirƙirar asali ta fi shiru illa nesa ba kusa ba. Muna da irin wannan tarko a gida: ramar da ake kwaɗo da ganyenta ana tufka igiya da ɓawonta daban, rama ta ramuwar gayya daban, ga kuma ramar marar lafiya. Bahaushe ma da zai furta pita, fita za a ji, har a zaci korarsa ake yi.

Aro na gaskiya yakan zo da shaidu uku: sauti, ma'ana, da hanyar da kalmar ta biyo. Gurasa tana da su duka. Daga Larabci ƙursa ta fito, wato abu mai kewaye kamar faifai, mutanen Sudan suna cin gurrasa har gobe, kuma hulɗar kasuwanci da ta ilimi tsakanin Larabawa da Kano tsohuwa ce. Tanderun da matan Jakara suke gasa ta a ciki ma, tannur ne na Larabci.