Ina Ungulu Ta Shiga?

Jawabin da kwamitin ilmi ya gabatar a taron ƙungiya a Sabo, Ibadan

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Fawa da jama'arsa, shugabannin 'yan kara, malamanmu, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ba mu wannan ɗan lokaci.

Da muka faɗa wa shugaba cewa batun ungulu za mu yi yau, sai da ya dube mu sau biyu. Da gaskiyarsa kuwa. Ga matsalar ruwan sha, ga kuɗin haya, ga makarantar yara, a ce kwamiti ya rasa abin da zai kawo sai tsuntsuwar da ko sunanta ba a son ji wajen cin abinci? To a yi mana haƙuri a saurara, in an ji babu ruwanmu a ciki sai a tsayar da mu.

Bari mu fara da tambaya. Kowa ya tuna, yaushe rabonsa da ganin ungulu a garin nan? Dattawan da suka yi fawa shekara arba'in da suka wuce sun san yadda kwata take a da. Kafin a gama fiɗa sun jeru a kan kwano, sai da sanda ake korarsu, abin da aka zubar da safe kuwa ba ya kai azahar. Yau yaran da muka haifa a nan sun san "ungulu da kan zabo" a baki, amma da yawansu ba su taɓa ganin ita ungulun da ido ba. Da can mun ɗauka hayaniyar birni ce ta kore ta, ta koma gidanta na tsamiya kamar yadda ake faɗa. Sai ga shi waɗanda ke zuwa gida Arewa da salla suna dawowa da labari iri ɗaya: can ma ta yi wuyar gani.

Masu binciken kimiyya ba su tsaya ga "mun ɗauka" ba, ƙirgawa suka yi. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota na ƙasashen Barkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana tafiya a hankali yana rubuta kowace tsuntsuwa mai cin nama da ya gani. Bayan shekara talatin, watau a 2003 da 2004, ya sāke bin waɗannan hanyoyi, a irin wannan lokaci na shekara, ya sāke ƙirgawa. Aikin ba wani siddabaru ba ne, irin lissafin da ɗan kara ke yi ne in ya ƙirga shanu da safe ya sāke ƙirgawa da yamma. Abin da ya samu shi ne manyan ungulaye, dangin mikiya, sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 a wuraren da ba gandun daji ba ne. Ita kuwa ƙaramar ungulu ta gari, wadda muka sani a kwata, kusan rabi ta ragu. Daga nan abin ya ci gaba da lalacewa, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Daga wannan mataki sai ɓacewa daga daji ɗungum.

To me ke kashe su? A nan ma an yi lissafi. Wasu masana sun tattara labarin mutuwar ungulaye 7,819 daga ƙasashen Afirka 26, suka buga sakamakon a 2015. Kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 an kashe su ne don sayar da sassan jikinsu a yi magani, kashi 9 wayoyin lantarki ne. Ita gubar sau da yawa ba don ungulu aka sa ta ba. Makiyayi ya ga kura ko karnuka sun dame shi, sai ya barbaɗa maganin feshin gona a jikin mushe. Kura ɗaya yake nema, amma ungulaye da dama za su sauka su ci su mutu a wuri guda.

Wannan kashi 29 shi ne ya kawo mu gabanku, kuma za mu faɗe shi ba kwana-kwana tunda a cikin gida muke. An yi wani bincike da ya haɗa abin da aka gani a kasuwanni 67 na ƙasashe 12 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga 1990 zuwa 2013. Ƙiyasinsu ya nuna a cikin gawawwakin ungulu da sauran tsuntsaye masu cin nama da ake sayarwa a Afirka ta Yamma, kashi 73 cikin 100 a kasuwannin Nijeriya ne, kashi 21 a jamhuriyar Benin. Har ila yau, a wani binciken da aka buga a 2013 an yi hira da masu sayar da maganin gargajiya 113 a Arewa, akasarinsu Hausawa, suka tabbatar da cewa kayan ba na cikin gida kaɗai ba ne, har daga Nijar da Chadi da Kamaru da Sudan ake kawowa. Ma'ana, tamu ta yi ƙaranci, an shiga ta maƙwabta. A ƙasar Gini Bisau, tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020, an tsinci ungulaye sama da 2,000 a mace da guba, da yawansu babu kai.

Kada wani ya ce muna jifar ƙabilarmu. Mai saye ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai namu, akwai Yarbawa da ke kiranta igun, akwai wasu, kuma mai neman sa'ar kasuwa ko ta zaɓe ko ta caca ba ya tambayar yaren mai shimfiɗa. Amma dai kowa a ɗakin nan ya san motocin da ke sauko da shanu da albasa da wake su ne ke sauko da ƙullin da ba a buɗewa a gaban mutane. Hanyar tamu ce. In ba mu faɗa wa kanmu ba, wani zai faɗa mana a jarida, kuma ba da irin wannan murya ba.

Wani zai ce, ai tsuntsu ne, zai hayayyafa. A nan ne aka yi kuskure. Kaza takan kwanta a kan ƙwai goma ko fiye, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, sa'an nan iyayen su yi watanni suna ciyar da ɗan. Shi ma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa. Sheƙarta kuma sai a doguwar bishiya, irin su tsamiya da rimi da maɗaci da ɗorawa, waɗanda su ne masu katako da masu gawayi suka fi so. Saboda haka duk babbar ungulu ɗaya da aka kashe, gurbinta ba ya cikewa da wuri.

Yanzu sai tambayar da shugaba ya yi mana: in ta ƙare, mu me muka rasa? Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma bincike ya gaskata su. Ruwan cikinta yana da tsananin tsami, yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da ke cikin mushe. A ƙasar Kenya an yi gwaji, aka buga a 2012. An ajiye mushe a fili, wasu aka bar ungulu ta sauka, wasu aka hana ta. Inda aka hana ta, mushen ya daɗe kusan ninki uku kafin ya ƙare, kuma dabbobin da suka taru a kansa, irin su kuraye da diloli, sun ninka sau uku. A cikin gari kun san su wa za su taru: karnuka da ɓeraye da ƙudaje.

Labarin Indiya ne ya fi tayar da hankali, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Ƙasa ce mai shanu birjik, mafi yawan mutanenta kuma ba sa cin naman saniya, in ta mutu sai a feɗe fata a bar wa ungulu sauran. A da ungulayensu miliyoyi ne. A ƙarshen shekarun 1990 wani masani mai suna Vibhu Prakash, wanda ya saba ƙirga su a gandun Keoladeo na jihar Rajastan, ya lura sun kusa ƙarewa. Ana ganinsu a bishiya sun sunkuyar da wuya, bayan 'yan kwanaki su faɗo. An zaci annoba ce, aka yi shekaru ana neman ƙwayar cutar ba a samu ba. Sai wani likitan dabbobi Ba'amurke, Lindsay Oaks, da abokan aikinsa a Pakistan suka riƙa feɗe gawawwakin, suka ga ƙodarsu ce ta lalace. Suka bi kasuwa suka rubuta duk magungunan da ake ba dabbobi, suka riƙa gwadawa, har suka cafke mai laifin: diklofenak, maganin ciwon jiki. In an yi wa saniya allurarsa ta mutu cikin 'yan kwanaki, ungulun da ta ci namanta ita ma ta tafi. An buga wannan a 2004. Lissafi ya nuna ko da ƙasa da mushe ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da maganin, ya isa ya jawo wannan ɓarna. Wani jinsin nasu ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi wannan magani, aka koma wa wani mai suna meloksikam wanda gwaji ya nuna ba ya cutar da ungulu.

Kafin nan aikin gama ya gama. Mushe ya yi ta ruɓewa a bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta yawan mace-macen mutane a gundumomin da a da suke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita. Ƙiyasinsu shi ne rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 daga 2000 zuwa 2005. Ƙiyasi ne, amma ko an raba shi biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Mu a nan ba diklofenak ne babban mai kashe ungulu ba, guba ce da fatauci. Sai dai maganin yana nan a kowane kyamis, kuma gwaji ya nuna yana kashe ɗaya daga cikin manyan ungulayen Afirka kamar yadda ya kashe na Indiya. 'Yan'uwa 'yan kara, mun san in saniya ta sauko daga mota bayan kwana biyu a tsaye, ta kasa tashi, akan samu mai cewa a yi mata allura. Don Allah a bar likitan dabbobi ya zaɓi allurar. Kuma ba mu manta da 2023 ba, lokacin da aka tabbatar da ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiras, a wata gona kusa da Suleja cikin watan Yuli, bayan gwamnati ta riga ta yi gargaɗi a kan cin ganda. Masu sana'ar nama sun ji a jikinsu. Duk lokacin da aka yi maganar wari ko cuta a kusa da kwata ko kara, mu baƙi ake fara nunawa da yatsa, ko da laifinmu ko babu. Mai share mana wurin kyauta ita ce muke bari ana sayar da kanta.

Mun san a cikin masu shimfiɗar magani akwai dattawan kirki, gadon iyayensu suke yi, da shi suke ciyar da iyali. Ba mu zo mu ce su tashi daga sana'a ba. Gidauniyar kiyaye muhalli ta Nijeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980 kuma take da cibiya a Lekki, ta yi shekaru tana zama da masu maganin gargajiya a kan su maye gurbin sassan ungulu da itatuwa, kuma daga cikin masu maganin ne aka samu waɗanda suka nuna itatuwan. Batun ko kan tsuntsu yana kawo sa'a, wannan mun bar wa malamanmu, ga su nan zaune, sun fi mu sanin abin da za su faɗa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne akwai dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Sa'an nan ungulun da aka kama da guba, gubar tana nan a jikinta lokacin da aka daka aka ba mutum ya sha.

Saura magana ɗaya, ta masu binciken kansu. Sukan zo kasuwa da kwata, yara ne 'yan jami'a, da littafi da biro da madubin hangen nesa, wasu daga Jami'ar Ibadan, wasu daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos. Mun sha gani da sun doso sai a rufe kaya, a ce ba a jin Turanci, don an ɗauka 'yan haraji ne. Hattara ba laifi ba ce, a tambaye su takardar makarantarsu, a kai su wurin Sarkin Fawa ko shugaban kasuwa. Amma in an tabbatar da su, a faɗa musu gaskiya. Dattijon da ya shekara hamsin a kwata ya san shekarar da ungulu ta fara raguwa, ya san bishiyar da take kwana, kuma wannan ba ya cikin littafin kowa.

Don haka kwamiti yana roƙon taro ya amince da abu uku. Shugabannin direbobi da 'yan kara su sanar cewa ba a ɗaukar ungulu, rayayya ko matacciya, a motocinmu. A daina sa guba a mushe ko a bola don kashe karnuka, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Sa'an nan Sarkin Fawa ya ba mu dattawa uku ko huɗu da za mu zauna da su mu rubuta abin da suka sani, mu kuma sa yaran makarantarmu su fara rubuta rana da wurin da aka ga ungulu, ko da guda ɗaya ce. Littafin da za a yi wannan da shi yana hannun sakatare.

Allah ya ja zamanin Sarki, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Mun ga Sarkin Fawa yana ɗaga hannu tun ɗazu, bismilla.