Tsofaffin Hotunanmu da Manyan Kyamarorin Yaranmu

(Jawabin da kwamitin adana tarihi ya gabatar a taron ƙungiya a Bwari)

 

 An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan hoto. Mun san wani zai ce, ana fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da hoto? To, a yi haƙuri a saurare mu tukuna.

Kwanakin baya magadan wani tsohon mai hoto na garin nan, Allah ya jiƙansa, suka kawo mana wani akwati da ya bari. Da muka buɗe sai muka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye ambulan-ambulan ɗin da ke ciki, laima kuma ta manne rabin negatif ɗin, wato baƙin fim ɗin nan da ake wanko hoto daga jikinsa. Waɗanda suka tsira muka ɗaga su ga hasken taga. Sai ga layin mahauta, ga ɗaurin aure, ga yara ranar saukar karatu, ga fuskokin mutanen da yau suna ƙasa. Amma ba suna, ba shekara. Wallahi jikinmu ya yi sanyi.

Jama'a, ku duba yadda wurin nan ya canja a idonmu. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar kafa sabon babban birni. A Disambar 1991 gwamnati ta taso daga Legas. A 1996 Bwari ta zama ƙaramar hukuma, a 1997 makarantar horar da lauyoyi ta dawo nan, ga kuma hedkwatar JAMB. Mu da iyayenmu muka zo daga Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato da Suleja, muka zauna da maƙwabtanmu Gbagyi, muka yi kasuwa tare. Jikokinmu da aka haifa a Kubwa ko Dutsen Alhaji ba su san wancan zamanin ba sai a baki. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Abin da ya sa muka damu da irin waɗannan negatif shi ne girmansu. Masu ɗakin hoto na da, da yawansu suna aiki da faffaɗan fim da ake kira 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1901. Dattawa za su tuna kyamarar nan mai ido biyu, Rolleiflex ta Jamus ko Yashica ta Japan, wadda mai hoto ke riƙewa daidai cikinsa yana leƙawa ta sama. Hoto 12 kacal take ɗauka a naɗi ɗaya, kowanne santimita 6 tsawo, 6 faɗi. Wannan ya ninka negatif ɗin ƙaramin fim na 35 fiye da sau uku da rabi. Shi ya sa in an buɗa hoton sai ka ga zaren aikin babbar riga, ka karanta rubutun jikin allo, ka gane lambar mota. Da irin wannan kyamara Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki samari da 'yan matan garinsu, ya adana negatif ɗinsa cikin kwalaye, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya. Ba sarakuna ya ɗauka ba, talakawa ne irinmu. Bambancinsa da namu masu hoton shi ne nasa bai lalace ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Duk mai negatif a gida, kada ya taɓa tsakiyarsa da yatsa, a gefe ake riƙewa. Kada a wanke shi da ruwa, kada a goge da tsumma. A raba kowanne cikin takarda mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da ɗakin girki da ƙarƙashin kwano mai zafi. Daminar Bwari ba irin ta Katsina ba ce, laimarta tana sa fumfuna. In kun ji fim yana warin tsami, ya fara ruɓewa ke nan, a ware shi daga sauran a kawo shi da wuri.

Sai maganar rarrabawa. In an yi wa negatif ɗaya sikanin mai kyau, yana ba da hoto mai kusan megafiksel 28. Amma in ka tura shi a WhatsApp yadda aka saba, manhajar za ta matse shi, duk ƙananan abubuwan nan da muka faɗa su dushe, kuma kowane turi daga hannu zuwa hannu yana iya ƙara rage shi. A tura shi a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takardar aiki, sai ya isa da cikarsa. Na ainihin kuma a ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya ma a wani gari wajen dangi. Gobarar kasuwar Bwari ta Disambar 2017 ta koya mana cewa abin da ke ajiye wuri ɗaya yana iya tafiya a yini ɗaya. Daɗin daɗawa, kada hoto ya fita ba tare da sunan waɗanda ke ciki, da wurin, da shekarar, da sunan mai ɗauka ba. Kuma a nemi izinin iyalan, musamman hoton mata.

Yanzu bari mu juyo gare ku matasa. Mun ga wasunku sun sayi dogon gilashin nan mai jawo nesa kusa, kuna zuwa hawan Sallah a Suleja ko Zariya, kuna ɗaukar ƙwallo da tsuntsaye da duwatsun Ushafa. Madalla. Sai dai kayan nan nauyi gare su. Mai tsawon milimita 150 zuwa 600 yakan kai kilo 2, tsofaffin manyan kuwa har sun haura kilo 5. Mun ga yaro ya rataya irin wannan da igiyar kyamara a wuya, gilashin yana reto, har bakin da ke haɗa su ya tsage. Kuɗin shekara guda ya tafi. Ƙa'idar ita ce, gilashin ake ɗauka, kyamara ta bi shi. Akwai zobe mai ƙafa a jikinsa, nan ake kamawa, nan ake ɗaurawa a kan mai ƙafa uku ko sanda mai ƙafa ɗaya.

In da hannu za ka ɗauka, sa tafin hagu a ƙarƙashin gilashin, ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ka ware ƙafa, ka saki numfashi sannan ka danna. In ba sanda, ɗan buhun wake ko yashi a kan katanga ko tagar mota ya isa. Dogon gilashi yana ninka rawar hannu kamar yadda yake ninka girman abu, don haka saurin ƙiftawar kyamara ya bi tsawonsa: mai milimita 500 yana son kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko fiye, doki mai sukuwa kuwa sai 1000. Da tsakar rana hucin ƙasa yana karkata hoton nesa, da hunturu kuma hazo yana cinye shi, sai a fita da sassafe ko bayan la'asar. Kada a cire gilashi cikin ƙura.

Akwai kuma ladabi. Wannan gilashi yana ganin mutum shi bai gan ka ba. Kada a leƙa gidan mutane da shi, kada a ɗauki matan aure daga nesa. Nan babban birnin tarayya ne, kada ka auna shi ga shingen jami'an tsaro ko madatsar ruwa ta Usuma ba tare da izini ba, ka jawo wa kanka da iyayenka tashin hankali. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle don ya sayi gilashi.

A ƙarshe, akwatin nan yana hannun kwamiti. Muna roƙon dattawa maza da mata su ba mu yini ɗaya su zauna da matasanmu, a ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya, ku faɗi suna su rubuta. Kowane dattijo da ya riga mu gidan gaskiya, da sunayen da ke kansa yake tafiya. Mai wani akwatin a gida shi ma ya kawo, za a yi sikanin a mayar masa da kayansa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya yi wa zuriyarmu albarka.