Nasiha Ga Sabon Shiga Su Da Kwalekwale

Yau maganarmu a kan su ne, watau kamun kifi, musamman ga wanda ya fara shiga kwalekwale.

Mu nan ƙasar Kazaure ba mu da teku. Ruwan gishiri sai can Ikko. Kakanninmu a tafki da kogi su ke su, da koma da gora, galibi in ruwa ya janye. Amma zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsun ruwa da yawa a ƙasar Kano. Tiga ma a 1974 aka gama ta. A lokacin muna cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka yi Jihar Jigawa. Ga shi yanzu muna da dam a Kazaure, ruwa zaune rani da damina. Saboda haka samari daga Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suna sha'awar sana'ar nan. Sana'a ce mai kyau, amma ruwan dam ba kamar na kududdufi ba ne. Yana da zurfi, kuma bai san sabo ba.

Abu na farko, kada mu shiga jirgi sai mun iya ruwa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Mu koya a bakin gaɓa, inda ƙafa ta ke taɓa ƙasa, tare da wanda ya iya. Sa'an nan mu je mu gai da Sarkin Ruwa, mu nemi izininsa. Shi ya san inda rami ya ke, da inda kututturen itace ya ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa.

Na biyu, mu duba jirgi tun yana kan tudu. In akwai tsaga, a toshe ta. Mu ɗauki ƙwarya ta kwashe ruwa, da igiya, da abin tuƙi biyu, don ɗaya ya kan suɓuce. In akwai rigar kariya wadda ta ke hana nutsewa, a sa ta. In babu, ko jarka ce marar komai a ciki, a rufe bakinta sosai a ɗaura mata igiya. A cikin jirgi zaune a ke yi. Wanda ya miƙe tsaye don jawo kifi, shi ya ke kifar da jirgi.

Kada kuma mu cika jirgi da mutane ko kaya. Mu tuna abin da ya faru a Bagwai ran 30 ga Nuwamba 2021. Jirgi ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa a dam ɗin Watari, ya kife. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu.

Na uku, mu riƙa duban sama. Da damina hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, kuma iska ce ta ke riga ruwa isowa. Da mun ga gabas ta yi baƙi, sai mu nufi gaɓa mafi kusa, ko da kifi yana ci. Sabon shiga ya riƙa bin gefe, kada ya yi tsakiya. Kifin ma a gefe ya fi zama, wajen ciyawa da duwatsu, don nan abincinsa ya ke. Kafin mu fita kuma mu gaya wa mutanen gida inda za mu, da lokacin da za mu komo.

To, yanzu ga maganar kifin kansa. Mai koyo ya fara da fatsa, ya sa tana ko gara a ƙugiya. Kifi ya fi ci da sassafe da kuma yamma lis. Tarwaɗa a ƙasa ta ke kiwo, sai a ɗaura ɗan abu mai nauyi ƙugiya ta sauka. Kurungu yana da ƙaya mai zafi a baya da gefe, a kama shi da hankali. A bar surutu da buga jirgi, gama kifi yana jin motsi.

Abu na ƙarshe, mu bar na gobe. Ƙarfasa a cikin bakinta ta ke goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. In mun kama uwar da baki cike, mun kashe ɗaruruwan kifi ke nan. Mu sake ta, mu saki ƙanana. Kada mu yi taru da gidan sauro, an ba mu shi ne don zazzaɓi, kuma ba ya barin ko ɗan tsako. Zuba guba a ruwa kuwa laifi ne. Dokar su ta Nijeriya ta 1992 ta hana kamun kifi da guba ko nakiya. Ruwan nan shi dabbobinmu su ke sha.

Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa, wataƙila tsargiya ce, a ruwa a ke ɗaukarta. Ya je asibiti, akwai magani.

Wanda ya iya karatu a cikinmu ya karanta wa ɗan'uwansa wannan kafin ya shiga ruwa. Allah ya ba da sa'a, ya komo da kowa gida lafiya, amin.