A JAMI'A BABU MAI KAƊA MAKA ƘARARRAWA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman da aka yi da matasan da suka sami gurbin karatu a jami'o'i da kwalejoji. Ga abin da yake cewa:

 

'Yan'uwa, bari in fara da faɗa muku gaskiya. Ni ɗin nan ban taɓa zama ajin jami'a ba, iyakacina sakandare da Islamiyya. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya, wanda ya fi mu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Da sunansa ya fito, hatsi mahaifinsa ya sayar ya biya masa rajista. Bayan shekara biyu aka sallame shi. Wallahi ya yi watanni yana ɗaukar jaka yana fita kamar mai zuwa lakca, don ba ya iya haɗa ido da tsoho. Da abin ya fito fili na zauna da shi, na kuma bi 'yan'uwa da suka gama ina tambaya. Abin da na tattaro shi na kawo muku.

Na ce masa, me ya faru? Ya ce ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma shaye-shaye ba. A sakandare ƙararrawa ke tashe shi, bulala ke kai shi aji. Da ya shiga jami'a sai ya tarar babu ko ɗaya. Ka kwana har hantsi, babu mai cigiyarka. Malami zai shigo ɗakin da ɗalibai ɗaruruwa suka cika, ya yi awa biyu ya fice, bai san sunanka ba. Sai ya ɗauka hutu ya samu, yana cewa ai shekarar farko ce, in an shiga aji biyu a dage.

To a nan ramin yake, ku ba ni hankalinku. A mafi yawan jami'o'inmu maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Daga 60 B ne, daraja 4. Daga 50 C ne, daraja 3. Ƙasa da 40 kuwa F ne, sifili, kuma sai ka sake ɗaukar kwas ɗin, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Ana tara waɗannan a fitar da matsakaici, shi ne CGPA, kuma lissafin yana binka tun daga zangon farko har ranar fita. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Mu ƙaddara karatunka na shekara huɗu ne, ka gama shekarar farko da 2.00. Kafin ka kai 3.50 ɗin nan, sai ka riƙe kusan 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Wato wasan wata takwas, biyan bashin shekara uku!

Saboda haka daga satin farko ka nemi malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, ka tabbatar kwasa-kwasan da ka yi wa rajista su ne daidai. Kada ka raina ƙaramin gwaji da aikin gida, domin kashi 30 ko 40 na maki daga nan suke fitowa. Ka kuma sani a ƙa'idar makarantu da yawa, wanda bai halarci kashi 75 na lakca ba ana iya hana shi jarrabawa.

Akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Za ka tarar da 'yan'uwa a masallacin makaranta, ka riƙe su, su ne danginka a can, su za su nuna maka ɗaki da tsofaffin takardun jarrabawa. Amma abokin nan nawa yawancin lakcocin da ya rasa, a wajen hidimar taro ya rasa su. Kowa na yaba masa, babu wanda ya tambaye shi sakamakonsa. Wannan laifinmu ne mu duka. In taro ya haɗu da lakca, ka tafi lakca, wani zai shimfiɗa tabarmar.

Batun kuɗi kuwa, ka raba abin da aka ba ka sati-sati, ka tafi da garinka da wake da risho. Tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ka yi shawara da mahaifinka kafin ka nema, bashi ne.

Yajin aiki ma ka sa shi a lissafi. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In irin haka ta faru kada ka zauna majalisa, ka kama sana'a, kana duba littafinka.

Sannan in sakamakon zangon farko ya fito, ko yaya yake, ka kai shi gida ka nuna. In ka ji nauyin tsoho, ka kawo mana nan mu raka ka.