INA IYAKAR ASIBITIN GWAMNATI DA NA KUƊI?

Jawabin yau ya shafi wata matsala da ke damun 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan, da sauran zangunan Kudu, watau wuyar gane inda asibitin gwamnati ya ƙare, da inda asibitin kuɗi ya fara.

Alal misali, mahauci ya kai mai ɗakinsa asibitin gwamnati, ya yanki kati, ya wuni a layi. Likita ya duba ta, ya ce lalle sai an yi mata aiki, amma fa masu jiran tiyata suna da yawa, sai bayan watanni. Kana ya rage murya, ya ambaci wani asibiti a cikin gari inda za a yi aikin jibi. Da suka je, sai ga likitan nan dai da kansa. Mutumin da ba ya jin Turanci ko Yarabanci sosai yakan zaci wani reshe ne na gwamnati aka tura shi, ba ya farga sai an miƙo masa takardar kuɗin da za ta cinye jarinsa.

Wannan al'amari ba sabo ba ne. A shekarar 1984 Gwamnatin Soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa dokar da ta hana ƙwararrun ma'aikatan gwamnati, har da likitoci, yin aikin kansu a gefe. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da sana'ar kansa, in ban da noma. Amma ƙa'idar majalisar da ke yi wa likitoci rajista ta yarje wa babban likita ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya guda ɗaya, muddin ba a lokacin aikin gwamnati ba ne, kuma ba zai kwantar da kowa a can ba. To, tsakanin wannan hani da wancan sassauci ne ake yin ɓarna. Ba a musun cewa albashi ya gaza, har likitoci da dama sun tafi Ingila da Saudiyya. Sai dai wannan ba hujja ba ce ta karkatar da talakan da ya zo ƙofar gwamnati.

Ita ma gwamnati tana da hannu wajen shafe iyakar. Tun bayan shirin Bamako na 1987 aka soma sayar da magani a asibitocin gwamnati domin kuɗin ya riƙa juyawa. Manyan asibitoci da yawa suna da sashen masu hali, inda mai kuɗi ke samun ɗaki shi kaɗai. A 2007 aka damƙa wa 'yan kasuwa tafiyar da asibitin Garki na Abuja, gini na gwamnati, gudanarwa ta kamfani. Bugu da ƙari, dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ta sa kuɗin asusun jama'a yana shiga asibitocin kuɗi. Ba duka wannan ne aibu ba, domin kuwa akwai inda aiki ya gyaru, amma majinyaci ne aka bari cikin duhu, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fitowa.

Saboda haka wanda aka tura wani wuri ya tambaya a fili, na gwamnati ne ko na kuɗi, kuma nawa za a biya. Kada ya miƙa wa ma'aikaci kuɗi a hannu. Ya biya a wurin biya, ya karɓi rasit mai sunan asibiti. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su riƙa haɗa maras lafiya da ɗan rakiya mai jin harshen garin. A sani kuma, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Hukuncin wanda ya ƙi shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.